Ku Tambaye Mu: Makamai da Kayan Aikin Ƙarfe na Tsohuwar Masar

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan gatura, wuƙaƙe da kayan sassaƙa masu ado da aka tono a Masar, waɗanda yanzu suke ajiye a gidajen tarihi. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna.

Ni maƙerin fari ne a Kano. Na ga hoton wani gatarin Masar da aka lulluɓe da zinariya, da zanen mutane a jikin ruwansa. Da wannan suke yaƙi ko kuwa na ado ne?

Sannu da aiki, Malam. Bisa yadda ka siffanta shi, gatarin Sarki Ahmos ka gani, wanda ya yi mulki wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya, shi ne ya kori Hiksos, baƙin sarakunan da suka zo daga Asiya, daga arewacin Masar. An same shi a 1859 cikin kayan Sarauniya Ahhotep a Dra Abu el-Naga, ƙetaren Kogin Nilu daura da Luksor. Tsawonsa ya kusa rabin mita. Ƙotar ta icen sida ce da aka naɗe da fallen zinariya, aka dasa sunayen sarkin da duwatsu masu launi. A fuska ɗaya ta ruwan gatarin an raba zanen hawa uku: sunan sarki a sama, a tsakiya sarkin ya damƙi gashin abokin gaba zai sare shi, a ƙasa kuma wata dabba mai jikin zaki da kan tsuntsu. Wannan gatari ko sau ɗaya aka kai sara da shi, adon zai ɓantare. Na sarauta ne da rakiyar gawa.

Amma siffarsa ta gatarin yaƙi ce sak, kuma a nan ne idon maƙeri zai yi amfani. Gatarinmu na gida wutsiya gare shi, a huda ƙota a cusa. Na Masar ba haka yake ba. Bayan ruwan yana da kunnuwa biyu da suka fita gefe da gefe, ko kuma jerin huji. A tsaga ƙota a zaunar da bayan ruwan a ciki, sannan a ɗaure da tsirkiyar ɗanyar fata jiƙaƙƙiya, a giccia ta a kan kunnuwan. Idan fatar ta bushe sai ta tsuke ta kama gam. Illarsa ita ce laima: da fatar ta sake jiƙa, ɗaurin ya saki. Maƙwabtansu na Sham sun daɗe suna zuba gatari mai ramin ƙota a jikinsa, amma Misirawa suka riƙe ɗaurinsu shekaru aru-aru. A gatarin Ahmos ma ɗaurin ne aka kwaikwaya, sai dai da saƙar wayar zinariya maimakon fata.

In kana so ka bambance na yaƙi da na ado, kaifi za ka fara dubawa. Na aiki yana da alamun bugun guduma a bakinsa, yana da kauri a tsakiya, sau da yawa wasawa ta cinye gefe guda fiye da ɗayan. Na ado kuwa sirara ne, wasu ma an huda tsakiyarsu an fitar da siffa. A Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan akwai wanda aka fitar da mahayin doki a tsakiyar ruwansa. Ƙarfen da ya rage a irin wannan bai isa ya ɗauki sara ba.

To da wace wuta suke narkar da tagulla, kuma ta yaya zinariya ke zama a cikin ƙarfe shekara dubu uku ba ta fita ba? (Daga maƙerin dai, sai wani malamin makarantar koyon sana'a a Maraɗi da ya yi irin tambayar.)

Jan ƙarfe zalla yana narkewa a zafin digiri 1,085. Gawayi yana kai wannan zafi idan ya sami iska sosai. A kabarin Mereruka da ke Sakkara, na wajen 2300 kafin Miladiyya, an zana maza sun kewaye tukunyar narki suna hura wuta da bututun kara mai bakin yumɓu. Wajen 1450, a kabarin Waziri Rekmire da ke Luksor, sai ga zuga-zugin ƙafa: tukwane biyu marasa zurfi rufe da fata, mutum ya taka ɗaya, ya ja igiya ya ɗaga fatar ɗayar. Da shi ne aka iya narkar da ƙarfe mai yawa a lokaci guda, har zanen ya nuna ana zubin ƙyauren ƙofa.

Haɗin ƙarfen ya sauya da zamani. Kayan farko-farko jan ƙarfe ne mai ɗan asenik (wani sinadari mai guba) a ciki, wanda ke ƙara masa tauri. Daga baya tagullar gaske ta yawaita, wato jan ƙarfe da kuza, kuzar kusan kashi 10 cikin ɗari. Jirgin ruwan da ya nutse a Uluburun, gaɓar Turkiyya, wajen 1300 kafin Miladiyya, yana ɗauke da kimanin tan 10 na jan ƙarfe da tan 1 na kuza. Ka ga ma'aunin a fili. Kuza tana rage zafin narki, tana sa ruwan ƙarfen ya cika mazubi da kyau. Idan ta zarce kashi 15 ko makamancin haka, ruwan wuƙar zai yi gautsi ya karye a maimakon ya lanƙwasa. Dalma tana ƙara gudun narkakken ƙarfe, shi ya sa take yawa a gumaka, amma tana kashe kaifi.

Gatari mai shafaffen jiki ana zuba shi a buɗaɗɗen mazubi na dutse ko yumɓu. Mai ƙashin baya a fuska biyu, kamar wuƙa, sai mazubi mai gida biyu da ake haɗewa. Mai ado mai sarƙaƙiya kuwa zubin kaki ne, wanda ka sani: a siffanta da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba ƙarfe, a fasa. Ɓarna biyu ake yawan gani a hoton eksire na kayan gidajen tarihi. Ɗaya ƙananan kofofin iska ne, daga mazubin da bai bushe ba ko iskar da narkakken jan ƙarfe ya sha. Ɗayar kuma wurin da ƙarfen ya huce kafin ya kai ƙarshen mazubi, ya bar tabon haɗuwa, kuma nan ne yakan karye.

Ga abin da ke ruɗa maƙeran baƙi: tagulla ba ta tauri da tsomawa a ruwa. Taurinta daga bugu ne a sanyaye. Ana bugun bakin kaifin har ya matse ya yi tauri. In an zarce ya fara tsattsagewa, sai a mayar da shi wuta ya yi laushi, a sake bugu.

Batun zinariya kuma dabara ce ta hannu. A sassaƙa siririn rami a jikin tagulla, ƙasansa ya fi bakinsa faɗi. A kwantar da wayar zinariya a ciki a buga, sai ta bazu ta cika ƙasan ramin, ba ta da hanyar fita. Don zinariyar ta fito ras, sukan yi wani haɗi na jan ƙarfe da 'yar zinariya da azurfa kaɗan, wanda ake jiƙa shi a magani fuskarsa ta koma baƙa. Wuƙar da aka samu tare da gatarin Ahmos tana da baƙin layi a tsakiyar ruwanta, a kansa zaki na bin sa a guje, gabansu fara huɗu. Ƙananan ƙwayoyin zinariya da ke jikin mariƙin wasu wuƙaƙe kuwa, hanyar da masu gwaji suka tabbatar tana fitar da irin aikin ita ce a manna su da danƙo haɗe da garin koren dutsen jan ƙarfe. Da zafi ya hau sai danƙon ya zama gawayi, ya fitar da jan ƙarfen, a wajen digiri 890 wannan ya haɗu da fatar zinariyar ya liƙe ƙwayar a ɗigo guda. Zafi ya ɗan wuce, duk ƙwayoyin su narke su zama dunƙule.

An ce wuƙar Tutankamun daga sama ta faɗo. Irin gatarin aradu ce ke nan? Daga wata ɗaliba a Katsina.

A'a, Malama. Abin da muke kira gatarin aradu gatarin dutse ne da mutanen dā suka wasa da hannu, ruwan sama ke tono shi. Wuƙar Tutankamun, ɗaya daga sarakunan tsohuwar Masar, maƙeri ne ya ƙera ta. Ƙarfen ne ya zo daga sama.

An buɗe kabarin a 1922, amma sai a 1925 Howard Carter, Baturen da ya gano kabarin, ya kwance likkafanin gawar ya tarar da wuƙaƙe biyu. Ɗaya ruwanta zinariya, kubenta da zanen namun daji ana farautarsu. Ɗayar, wadda ke kan cinyar dama, tsawonta kimanin santimita 34, ruwanta baƙin ƙarfe ne, mariƙinta zinariya, da dunƙulen dutse garai-garai a ƙarshensa. A 2016 masana daga Italiya da Masar suka auna ta da na'urar da ke karanta haɗin ƙarfe ba tare da an kankare komai ba. Suka sami nikel kusan kashi 11 cikin ɗari, da kobalt da ya ɗan haura rabin kashi ɗaya. Ƙarfen da aka narko daga tama ba ya kai wannan nikel ko kusa. Dutsen ƙarfe da ke faɗowa daga sararin samaniya ne ke da irin haɗin. Ba kowane dutsen sama ne ƙarfe ba: wanda ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, a 1962, dutse ne zalla da aka gano daga duniyar Mirrihi ya fito, ba a ƙera wuƙa da irinsa.

A zamanin Tutankamun, wajen 1330 kafin Miladiyya, Misirawa ba su fara narkar da tama ba. Wannan sai wajen ƙarni na 6 kafin Miladiyya ya kankama a ƙasar. Shi ya sa baƙin ƙarfe ya fi zinariya wuyar samu a lokacin. Sun dai daɗe da sanin na sama: a Gerza an tono duwatsun wuya na irin ƙarfen, na wajen 3200 kafin Miladiyya, an buga shi fale-fale an naɗe. Wasunsu suna gidan tarihin Petrie a Landan.

Sauran kayan baƙin ƙarfe da ke kabarin ƙanana ne kuma aikinsu bai kai na wuƙar ba. Wannan ne ya sa masana da yawa ke ganin daga waje ta zo. Cikin tsoffin wasiƙun sarakuna da aka tono a Amarna, ƙasar Masar, akwai jerin kyaututtukan da Tushratta, sarkin Mitanni da ke arewacin Sham, ya aiko wa sarkin Masar Amenhotep na III, kuma a ciki har da wuƙa mai ruwan baƙin ƙarfe da mariƙin zinariya.

Takobin nan mai kama da lauje, ta ciki yake yanka ko ta waje? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Ta waje, akasin lauje. Sunansa kopesh, tsawonsa santimita 50 zuwa 60, zubi guda ne daga mariƙi har tsini, sai a manna ice ko hauren giwa a gefen mariƙin. Nauyinsa yana gaba, don haka sara yake yi irin na gatari. Daga Sham ya shigo Masar. Akwai biyu cikin kayan Tutankamun, akwai mai sunan Sarki Ramsis na II a gidan tarihin Louvre da ke Faris, akwai kuma wanda aka samu a Shekem, kusa da Nablus ta yau, mai adon furen bado na haɗin zinariya da azurfa, yana gidan tarihi a Munik, ƙasar Jamus. Wasu an bar bakinsu a dakushe tun daga zubi, waɗannan na riƙewa ne a biki.

Na ga 'yan ƙananan gizago da gatari masu sunan sarki a jiki. Na wasan yara ne? Daga wani kafinta a Jos.

Ba na wasa ba ne, Malam. Idan za a aza harsashin haikali, sai a tona ramuka a kusurwoyi da bakin ƙofa, a zuba samfurin kayan ginin: gizago, gatari, abin sassaƙa dutse, mazubin tubali, tukwane da abinci. A rubuta sunan mai ginin da na abin bautar da aka yi dominsa. Na haikalin Sarauniya Hatshepsut da ke Deir el-Bahri suna cikin waɗanda aka fi sani, wasu suna gidan tarihin Metropolitan a Niyok. Ruwansu fallen ƙarfe ne da yatsa ma zai lanƙwasa. Amfaninsu a yau babba ne, domin ko ginin ya rushe ƙurmus, ramin zai faɗi wanda ya gina shi.

Kayan aikin gaske ba su cika ado ba, kuma ba su cika yawa a gidajen tarihi ba, don in sun lalace narkar da su ake yi. A Deir el-Madina, ƙauyen masu haƙa kaburburan sarakuna, hukuma ce ke ba da ƙarafan sassaƙa bisa awo. Magatakarda yakan ajiye dutse mai nauyi daidai da ƙarfen da aka ba mutum, da rubutu a jiki, ranar maidowa a gwada. Ma'aunin shi ne deben, kimanin giram 91. Wani abin da zai ba ka sha'awa: zartonsu a jawowa yake yanka, ba a turawa ba, domin jan ƙarfe mai laushi zai tanƙware in an tura shi cikin katako.

Me ya sa ma'aikatan gidan tarihi ke barin kayan nan kore shar ba sa gogewa? Ni da tsamiya da toka nake wanke tagullar takobin kakanmu, sai ga wani koren gari yana fitowa. Daga wata Hajiya a Zariya.

Hajiya, a dakata da tsamiyar tukuna. Kore iri biyu ne. Akwai mai duhu, mai santsi, mai tauri, wanda farce ba ya kankare shi, sau da yawa da ja-ja a ƙarƙashinsa. Wannan ya daina ci, kariya ce. A kayan da suka shekara dubbai a ƙasa, asalin fuskar da maƙeri ya yi wa zane takan koma cikin wannan ɓawon. A goge shi har a ga ƙyalli, an goge rubutun da adon ke nan. A ƙarni na 19 da farkon na 20 an lalata kaya da yawa ta wankin asid da na lantarki, abin da ya rage ƙarfe ne mai ramuka.

Na biyu shi ne mugun. Launinsa fari-farin kore, gari ne, yana tsirowa daga ƙananan ramuka, in kin share bayan kwanaki ya dawo. Shi ake kira ciwon tagulla. Tushensa gishiri ne, kuma ƙasar Masar cike take da shi. Gishirin yana haɗuwa da jan ƙarfe ya kwanta a ƙarƙashin ɓawo. Da laima da iska sun same shi sai ya kumbura ya zama garin nan, ya fitar da asid, asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, ya sake haifar da gishirin. Haka zai yi ta zagayawa har ya huda abin.

Maganin farko bushewa ne. Gidajen tarihi suna riƙe laimar akwatin irin waɗannan kaya ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, na tsohon baƙin ƙarfe kuwa ƙasa da haka nesa. Ƙwararru sukan cire garin da tsinke a ƙarƙashin madubin ƙara girma, su jiƙa abin a maganin benzotirayazol kashi 3 cikin ɗari a sifirit, su busar, su shafa siririn rufi da za a iya cirewa daga baya. Maganin yana da haɗari ga lafiya, ba na gida ba ne.

Abin da za ki yi a gida: ki zare takobin daga kubensa, domin man da ke jikin fata yana haifar da wani kore mai danƙo a kan tagulla, kuma fata tana riƙe laima. Ki share garin da busasshen buroshi mai laushi. Kada ruwa, gishiri, lemun tsami ko omo su taɓa shi. Kada ki shafa man gyaɗa ko manja, suna tsami su ci ƙarfe. Ki sa shi a mazubin roba mai rufewa ruf, tare da silika, wato ƙullin ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, amma da yawa, kamar cikin kofi guda ga ƙaramin akwati. Silika tana ƙoshi, sai a gasa ta a digiri 120 na 'yan sa'o'i ta dawo aiki. Da hunturu ciwon yakan lafa ki ɗauka ya warke, watan Agusta ne zai nuna miki gaskiya. In ya ci gaba, ki kai wa sashen adana kaya na gidan tarihi mafi kusa. Tasar da ake amfani da ita kullum a goge ta ba laifi, sai dai kowace guga tana rage kaurin zanenta.

Ina karatu a Azhar. Wani a kasuwa ya nuna mini kan gatari ya ce na zamanin Fir'auna ne. In saya? Kuma ina zan ga na gaske?

Kada ka saya, ɗan'uwa. In na jabu ne ka yi asarar kuɗi, in na gaske ne ka shiga hannun hukuma. Dokar Masar mai lamba 117 ta 1983 ta mayar da kayan tarihi mallakar ƙasa, ta hana cinikinsu da fitar da su. Manya ma ba su tsira ba: Metropolitan ya sayi akwatin gawar Nedjemank mai ruwan zinariya a 2017 kan kusan dala miliyan 4, aka gano takardar fitarwar ta bogi ce, ya mayar da shi Masar a 2019. Yawancin kayan da ke Turai da Amurka sun fita ne tun zamanin da ake raba abin da aka tono tsakanin Masar da masu tonon, ko ta hannun dillalai kafin a rufe wannan ƙofa.

Na jabu yakan tona kansa. Korensa launi ɗaya ne ko'ina, ba ja a ƙarƙashi, kuma audugar da aka tsoma a asiton, ruwan goge jan farce, takan ɗebo shi, don fenti ne da gam. In ya ɓantare sai ka ga ƙarfe rawaya mai sheƙi, alamar akwai tutiya da yawa a haɗin, abin da ba a samu a makaman zamanin Ahmos ko Ramsis. Rubutun ma sau da yawa alamomi ne da aka jera ba ma'ana. In kwaikwayo kake so na ajiya, ka saya a shagon gidan tarihi ka riƙe rasit saboda filin jirgi.

Kayan Tutankamun, fiye da guda 5,000, an tattara su a Babban Gidan Tarihin Masar da ke kusa da dalar Giza, wanda aka yi bikin buɗewarsa a Nuwamban 2025. Tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, wanda ke nan tun 1902, yana da kayan aiki da makamai na zamuna daban-daban. Na Luksor ƙarami ne amma yana da zaure na musamman kan sojan Masar, ya cancanci kuɗin jirgin ƙasa. Ka tafi da katin ɗalibi, ana rage kuɗin shiga. Masu karatu da ke gida kuma za su iya buɗe rumbun hotunan Gidan Tarihin Birtaniya, Metropolitan da Louvre a intanet kyauta, inda akasarin kaya ke da awonsu da wurin da aka samo su a rubuce.